Kada Ganin Hadari Ya Sa A Zubar Da Ruwan Randa

Muna farawa da sunan Allah, muna gode maSa bisa ni'imominSa waɗanda ba su ƙidayuwa, muna kuma neman tsarinSa daga sharrin kawunanmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan Gwamnati masu bin wannan fili kowane mako, akwai wata mas'ala da ta daɗe tana kai da komowa a zaurenmu na karatu a nan Gagarawa, watau batun kuɗin nan da ba a gani ba a taɓawa, sai dai a ga adadinsu a fuskar wayar hannu. Ana ta faɗin wai nan gaba takardar kuɗi za ta ƙare, ciniki duka ya koma ta waya. Waɗansu suna murna, waɗansu suna firgita, waɗansu kuma har sun ce alamar tashin duniya ce. Mu dai wani dattijo ne maƙwabcinmu ya fara nuna mana nauyin wannan magana, kuma cikin kunya muka koya, saboda haka da labarinsa za mu soma.

Masu karatu za su tuna, ran 26 ga Oktoba 2022, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwa za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Hujjar da ya kawo ita ce, daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasa, tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a, ba su cikin bankuna. Sababbin takardu suka fara fita ran 15 ga Disamba, aka kuma ce bayan 31 ga Janairu 2023 tsofaffin sun daina ci, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Tare da wannan aka ƙayyade abin da mutum zai iya cira a mako, da nufin a kora jama'a zuwa ga ciniki ta waya.

Wannan dattijo manomin riɗi ne, ya ba saba'in baya, bai taɓa taka ƙofar banki ba, ba shi kuwa da waya, sai 'yar rediyonsa. A kakar wannan shekara ya sayar da riɗinsa da wani bijimi da ya turke, ya ƙulle kuɗin a tsumma ya jefa cikin adaka. Da wa'adi ya matso sai ya same mu bayan La'asar ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, an ce kuɗina za su mutu. Yaya ke nan?" Da yake muna da asusu a wani banki a Gumel, sai muka ce masa, "Baba, kawo su mu zuba maka a namu, duk ran da ka bukata ka zo ka karɓi abinka." Muka ƙirga a gaban shaidu biyu, muka rubuta a takarda, ya koma gida hankalinsa kwance. Har ma muka yi wa waɗansu dattawa faɗa a majalisi, muka ce tsoron banki rashin sani ne kawai.

Ba a yi mako biyu ba sai mai ɗakinsa ta kwanta ciwo mai tsanani, ya zama tilas a kai ta asibiti. Ya zo da sassafe ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Malam, ajiyata." Muka buɗe waya, ga kuɗinsa nan cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, amma a aljihunmu babu ko naira ɗari biyar. Mai mota ya ce shi tsaba zai karɓa, domin ɗan bumburutun da ke sayar masa da mai tsaba yake nema. Muka nufi Gumel, muka tarad da layi ya miƙe har bakin titi, muka yini a rana tare da bayin Allah, da yamma abin da aka miƙo mana bai isa ko kuɗin mota ba. Daga nan muka je wurin masu 'yar na'urar nan ta cire kuɗi, wadda jama'a ke kira POS, aka ce in mun tura dubu goma za a ba mu dubu takwas. Mun san hukuncin wannan sarai, don mun sha karantar da babin riba a cikin Risala. Amma ga mara lafiya tana kwance, ga amana a wuyanmu, Allah kuwa Ya umurci a mayar da amana ga masu ita, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 58. Muka tura, muka cike giɓin daga namu kuɗin, muka koma gida muna istigfari. Muna fatan larura ta zame mana uzuri, amma har yau in mun tuna sai zuciyarmu ta sosu.

Allah cikin ikonSa Ya ba ta lafiya. Bayan ƙura ta lafa, dattijon ya zo yi mana godiya, sa'an nan ya yi mana wata tambaya, ba da nufin gori ba. Ya ce, "Malam, kuɗin da ba ni da ikon taɓawa sai wani ya yarda, nawa ne ko nasa? In shekara ta kewayo, ni zan fitar da zakkarsu ko shi?" Rabin tambayar na ƙarshe mai sauƙi ne, mun ce masa kuɗinsa ne, in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu, shi zai fitar da ɗaya daga cikin arba'in. Rabin farkon kuwa shi ne ya hana mu barci, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Abin da ya same mu ɗan kaɗan ne in an gwada da abin da muka gani a kasuwar Maigatari. Duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san ranar Alhamis a Maigatari: raƙuma da shanu da tumaki daga Dungas da Magarya da Damagaram, fatake daga Kudu da manyan motocinsu, buhunan riɗi da zoɓo, ga 'yan canji da naira da sefa. Ran Alhamis 16 ga Fabrairu 2023, ranar da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi da safe ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za ta ci gaba da ci har 10 ga Afrilu, muna cikin kara. Mun ga makiyayin da ya kawo dabba tun daga ƙetaren iyaka, aka taya, ya sallama, sa'an nan aka ce ya kawo lambar asusu, shi kuwa bai san ma mene ne ake nufi ba. Mun ga dabba guda da farashi biyu, na mai tsaba daban, na mai turawa ta waya daban. Mun ga dillali da mai saye da mai sayarwa sun kewaye waya guda har rana ta yi sanyi suna jiran saƙo ya shigo, an riga an loda sa a mota, ba wanda ya san ko ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba. A ƙauyukan Sule Tankarkar da namu na Gagarawa har musaya ta dawo, a ba da mudun gero a karɓi gishiri da kalwa, kamar zamanin kakanni.

To, me Shari'a ta ce? Lalle ne mu faɗi gaskiya tun da fari, ko da ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba: Musulunci bai ɗaure kuɗi da wata siffa guda ba. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, watau 'yan ƙwanson nan da ake kawowa daga tsibiran Tekun Indiya, waɗanda da su kakanninmu suka yi ciniki, suka biya sadaki, suka fitar da zakka, malamai kuwa ba su hana ba. Turawa suka zo suka hana shigo da wuri a 1904, aka koma anini da kwabo mai huji, da taro da sisi da sule da fam. Dattawan Gagarawa Tasha sun ba mu labari, a zamanin cinikin gyaɗa a bakin layin dogon Kano zuwa Nguru, akwai manoman da ba su yarda da fam na takarda ba, sai sulallan da za su jefa a ƙasa su ji ƙara. Ran 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya ya zama naira biyu. Kowane sauyi daga cikin waɗannan an yi masa tsoro, daga baya aka saba.

Magabata ma sun riga mu gane wannan. An ruwaito Sayyidina Umaru, Allah Ya yarda da shi, ya taɓa tunanin yin kuɗi da fatar raƙumi, sai aka nuna masa in an yi haka raƙuma za su ƙare, ya fasa. A cikin Mudawwana kuma an kawo ra'ayin Imamu Malik cewa da mutane za su yarda su riƙa ciniki da fata mai hatimi a matsayin kuɗi, to da ya ƙi a canza ta da zinariya ko azurfa bisa jinkiri. Ma'ana, duk abin da jama'a suka karɓa a matsayin kuɗi, hukuncin kuɗi ya hau kansa. A kan wannan tushe ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar cewa takardar kuɗi tana ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa wajen riba da zakka. A zamanta na Jidda a 1990 kuma ta ce shigar kuɗi cikin asusun mutum a banki ana ɗaukarsa a matsayin karɓa a hukunce. Saboda haka wanda ya sayar da sa, kuɗin suka shiga asusunsa da gaske, cinikinsa ya inganta. Masu cewa wannan aikin Dujal ne su ji tsoron Allah, su bar faɗin abin da ba su da hujja a kansa.

Ba kuma za mu ɓoye alherin da ke ciki ba. Mun san lokacin da fatake ke ɗinke kuɗi a cikin buhu su biyo hanya da dare, 'yan fashi suna dakonsu, nawa aka kashe saboda kuɗin shanu? Yau ɗan ci-rani yana Legas zai aiko wa mahaifiyarsa kuɗin magani a Sule Tankarkar kafin ya kai ƙarshen sallama. Ma'aikaci yana samun albashinsa ba tare da ya bi ta hannun wanda zai yanki wani abu ba. Rikicin "na ba ka, ba ka ba ni ba" ya ragu, domin akwai shaida a rubuce, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani kuwa, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Duk wannan ni'ima ce, mu ma muna cin moriyarta.

Damuwarmu ta faro ne daga inda aka ce a kawar da tsabar kuɗi ɗungurungum, ya zama babu wata ƙofa sai wannan. A nan ne tambayar dattijon nan ta dawo. Naira ɗari biyar da ke cikin lalitar talaka tasa ce, zai kashe ta da rana ko da dare, da wuta ko babu, ba ya neman iznin kowa. Kuɗin da ke cikin waya kuwa, tsakaninsa da su akwai masu tsaron ƙofa da yawa: sai waya ta sami caji, sai sabis ya kama, sai na'urar banki tana aiki, sai ba a rufe layinsa ba, sai hukuma ba ta sa hannu a asusunsa ba. Ko ɗaya daga cikinsu ya ƙi buɗewa, mai dukiya ya zama mabaraci. Mu tuna Ashabul Kahfi. Da suka farka sai suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, kamar yadda aya ta 19 ta surar ta ba da labari, masu tafsiri kuma suka ce tsufan kuɗin ne ya tona asirinsu. Sarkin da aka buga kuɗin a zamaninsa ya daɗe da shuɗewa, amma azurfa tana nan azurfarta bayan shekara ɗari uku da tara. Takardarmu sanarwa guda ta isa ta kashe ta, kamar yadda muka gani muna yara a watan Afrilu 1984, sa'ad da aka rufe iyakoki aka sauya launin naira cikin kwanakin da ba su kai mako biyu ba. Lambar da ke cikin waya kuwa ba ta ma bukatar sanarwa, ɗaukewar sabis ta isa.

Wannan ba zato ba ne. A watan Satumba 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi haka a waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni. Da a ce a lokacin babu tsabar kuɗi, da me mutanen can za su sayi hatsi? A 2020 an sami iznin kotu aka rufe asusun waɗansu mutane saboda zanga-zangar da aka yi a wannan shekara, a Kanada ma an yi irin haka a 2022. Ba muna yanke hukunci ba ne a kan wa ke da gaskiya a waɗannan rigingimu. Abin lura shi ne ƙofar rufewa tana nan, kuma mabuɗinta ba ya hannun mai dukiya. Yau yana hannun adali, gobe fa? Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa ƙwarai wajen barin tsabar kuɗi, hukumominta da kansu suna shawartar jama'a kowane gida ya ajiye tsaba saboda ranar da na'ura za ta tsaya.

Wannan ne ya sa jama'a suka yi ɗari-ɗari da eNaira, wadda aka ƙaddamar ran 25 ga Oktoba 2021, Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da babban bankinta ya fitar da irin wannan kuɗi. Bambancinta da kuɗin asusu shi ne, na asusu bashi ne da kake bin bankinka, ita kuwa naira ce daga hannun Babban Banki kai tsaye, ɗaya daidai da ɗaya, sai dai ba a buga ta a takarda ba. A hukunce ba mu ga abin da ya haramta ta ba. Amma wani bincike da Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya ya fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 98 cikin ɗari na waɗanda suka buɗe jakarta ba su taɓa ta a cikin mako. Kuɗi yarda ce, yarda kuwa ba a sa ta da doka.

Sa'an nan ga batun sutura. Ita wannan aya ta bashi da muka ambata, ta ɗauke wa mutane nauyin rubuta cinikin da ake yi nan take hannu da hannu. Shari'a ba ta nemi a san kowane kwabo da bawa ya kashe ba, kuma Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Sadakar ɓoye tana da falala ta musamman, har an yabi wanda hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. In kowace kyauta sai ta bar suna da lamba da lokaci, ina ɓoyon yake? A watannin nan na ƙunci mun lura da makafin da ke zama a ƙofar masallacin Juma'a, hannuwansu a miƙe, masu wucewa suna shafa aljihu suna ba su haƙuri, alhali da yawansu masu kyauta ne. Kuɗin Laraba ya tsaya a makarantun allo. Matan da ke cikin gida suna ƙuli-ƙuli da ƙosai, yara suna kai musu talla, jarinsu ya karye, adashi ya watse. Mai fura da nono ta koma ruga da ƙwaryarta cike. Waɗannan bayin Allah duk da ƙananan kuɗi suke rayuwa, kuma su ne ba a tuna da su ba.

A nan ne muke ganin hukunci ya fito fili, kuma daga sallah za mu ɗauko shi. Ya tabbata cewa Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya yarda da shi, ya ja wa mutanensa sallar dare ya tsawaita karatu, har wani mutum da ya yini yana aikin ban ruwa ya ware ya yi tasa shi kaɗai. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, limamin ya yi wa faɗa, ya kuma umurci duk mai jan mutane sallah ya sassauta, domin a bayansa akwai tsoho da mai rauni da mai bukata. In haka abin yake a sallah, wadda ita ce ginshiƙin addini, ina ga kuɗin cefane? Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa, sai ya zama an gina shi a kan maslaharsu. Mai tsara wa jama'a kuɗi liman ne, bayansa kuma akwai makiyayin Maigatari da tsohuwar Gagarawa. Da gudunsu ya kamata a auna tafiya. Kotun Ƙoli ma, a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa ba a ba jama'a isasshen wa'adi ba, ta mayar da tsofaffin takardun su ci har ƙarshen shekara, sa'an nan ran 29 ga Nuwamba 2023 ta ɗage wa'adin ba tare da sa rana ba.

Saboda haka, ya ku ma'aikatan Gwamnati, musamman waɗanda Allah Ya ɗora a inda ake shawara da tsara doka, muna tunatar da ku kafin ku sa hannu a takarda ku tuna da ƙauyen da kuka fito. A fara kai wuta da sabis da banki, a koya wa mutane, a bar ƙofa biyu a buɗe, wanda ya ga amfanin sabuwar zai shiga da ƙafarsa. Kada a wayi gari asibiti ko makaranta ko ofishin haraji su ce ba su karɓar nairar da hukuma da kanta ta buga.

Ku kuma 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, akwai abubuwan da ke wuyanku. Mai na'urar cire kuɗi ya halatta ya karɓi ladan aikinsa, sananne, daidai da wahalarsa da abin da banki ke yanka masa. Amma in ya ga jama'a sun matsu ya mayar da tsaba haja, yana sayar da dubu takwas a kan dubu goma, wannan naira ce da naira da fifiko, riba ce tsantsa, ko da wane suna aka sa mata. 'Yan canjin naira da sefa, ku kuɗinku jinsi biyu ne, fifiko ya halatta, amma jinkiri bai halatta ba. Kada ku rabu sai kowa ya karɓi nasa, kuma karɓa ita ce ka duba asusunka ka ga sun zauna, ba ganin saƙo a wayar abokin ciniki ba, domin saƙon ƙarya ya yi yawa. Mai tura saƙon ƙarya kuwa ɓarawo ne, ko da bai haura katanga ba. Ku nisanci bashin nan da ake tallarsa ta waya, wanda ake ba ka yau gobe ya haihu.

Game da kuɗin kirifto irin su Bitcoin, waɗannan dabam suke da eNaira, domin babu wata hukuma da ta tsaya musu. Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da su a watan Fabrairu 2021, ya janye hanin a watan Disamba 2023. Malamai sun saɓa a kansu: hukumar fatawa ta Masar da majalisar malaman Indunusiya sun hana amfani da su a matsayin kuɗi, waɗansu kuma sun halatta da sharuɗɗa. Nasiharmu ga samarinmu ita ce, wanda bai san abin da yake saya ba, yana jira ne kawai farashi ya tashi, to ya sani cinikin biri a sama yake yi, kuma Shari'a ta hana garari.

Abu na ƙarshe shi ne gado. A da in mutum ya rasu akan buɗe adakarsa a gaban magada a ƙirga. Yanzu sau da yawa ana kiranmu rabon gado, kowa ya san mamaci yana da kuɗi a waya, amma ya tafi da lambar sirrinsa kabari, ko kuwa ɗa guda ya san ta ya riga kowa. Dukiyar marayu ce wannan, wuta ce ga mai cinta. Sunna ta kwaɗaitar da Musulmi kada ya yi sakaci da rubuta wasiyyarsa. Kowa ya rubuta asusunsa nawa, a ina suke, wa yake bi, wa ke binsa, ya damƙa wa amintacce. Kada kuma rashin ganin kuɗi da ido ya sa a manta da zakkarsu, Wanda Ya wajabta ta Yana ganinsu.

Dattijon nan yana nan da ransa, har yanzu ba shi da waya. Jikansa ya buɗe asusu, ta nan ake biyansu kuɗin riɗi in mai saye daga nesa yake, amma ran da kuɗi suka shigo sai ya sa a ciro masa wani kaso ya mayar cikin adaka. Kwanan baya wani ɗalibinmu ya so ya yi masa dariya a kan haka, muka hana shi. Mu da kanmu yanzu haka muke yi, muna turawa muna karɓa ta waya, muna kuma ajiye abin da zai kai mara lafiya Gumel cikin dare. Hadari alheri ne, muna roƙon Allah Ya saukar da shi mai albarka, amma ba a zubar da ruwan randa sai an ga na sama ya taru. Tun daga wancan lokaci kuma ba mu sake karɓar ajiyar kowa ba sai mun gaya masa gaskiya, cewa mabuɗin ba a hannunmu kaɗai yake ba.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Allah Ya ba shugabanninmu tausayin talakawansu, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, Ya tsare mu daga riba da cin amana, Ya azurta mu da halal, Ya sa mu cika da imani. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.